An samu rigakafi, magani ya gagara

A shekarar 1927, likitocin Gidauniyar Rockefeller suka ɗebi jinin wani majinyaci mai suna Asibi a ƙasar Gana ta yau, suka ware ƙwayar bairos mai haddasa zazzaɓin shawara. Bayan shekaru goma, Max Theiler ya raunana wannan ƙwaya a birnin New York har ta zama allurar rigakafin da ake yi wa yara har gobe. Amma wanda cutar ta riga ta kama, har yau babu maganin da zai kashe ta a jikinsa. Haka lamarin yake ga sauran ire-irenta da sauro ke yaɗawa, musamman zazzaɓin dengi: ƙarin ruwa, hutu da saukar da zazzaɓi ne kaɗai abin da likita ke da shi.

Ba rashin ƙoƙari ba ne. A Biyetnam an gwada kulorokwin a kan masu dengi, sannan balapiravir, wanda asali don ciwon hanta nau'in C aka haɗa shi. A Singafo an gwada celgosivir, sakamakon ya fito a 2014. Babu wanda ya taɓuka abin kirki.

Babban cikas shi ne lokaci. Ƙwayar dengi kwanaki kaɗan take yi a cikin jini, kuma kafin majinyaci ya isa asibiti ta fara raguwa. Haɗarin yakan zo ne sa'ad da zazzaɓin ke sauka, lokacin da jijiyoyin jini ke yoyo. Magani sai ya iske ɓarawo ya tafi, ɓarnar ce ta rage. Ga shi kuma dengi nau'i huɗu ce, dole maganin ya ci kowanne.

A 2021, masu bincike na Jami'ar Leuven ta Beljiyam da kamfanin Janssen suka bayyana wani sinadari mai hana furotin biyu na ƙwayar, NS3 da NS4B, haɗuwa, don haka ba ta iya hayayyafa. Daga wannan aiki aka samar da mosnodenvir, aka fara gwada shi a jikin mutane. A Oktoban 2024 kamfanin ya dakatar da babban gwajin, ya ce ya sauya alƙiblar bincikensa ne, ba wata illa aka gano ba.

A shekarar 2024 ce aka samu rahoton masu dengi sama da miliyan 14 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba.