Wuta, Gawayi da Lokaci: Abin da Maƙeran Gobir Suka Sani

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gidan Rumji ko ta Tibiri gab da faɗuwar damina zai tarar da manoma sun yi cincirindo a rumfar maƙera, wani na neman hauya, wani gatari. Kaɗan ne daga cikinsu ke tambayar abin da ya sa gatari ɗaya ke riƙe kaifi shekara da shekaru, wani kuwa ya lanƙwashe ko ya tsage tun saran farko. Amsar tana cikin tarihin wannan sana'a.

Ƙira tsohuwar aba ce a ƙasashenmu. A Taruga, cikin yankin Nok, ana fitar da ƙarfe daga tama ƙarni da dama kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an gano tanderun ƙarni na 7 a gindin Dala, a Kano. A 1968 Nicole Echard ta fitar da fim kan maƙeran tama na Adar, lokacin da aikin ke ƙoƙarin shuɗewa. Abin da ya kashe shi ba ɓoyayye ba ne: zamanin Turawa ya kawo ƙarafan waje da tarkacen motoci, waɗanda suka fi haƙar tama sauƙi.

Tanderun gargajiya ba ya narkar da ƙarfe, domin ƙarfe tsantsa sai zafi ya kai digiri 1538 yake narkewa, tanderun kuwa bai cika wuce 1200 ba. Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin kabon da ke cikin gawayi, musamman na ƙirya, yana ratsa jikin ƙarfen sannu a hankali yana daskare. Wannan ratsawa tana da ƙa'ida, wadda Adolf Fick ya rubuta a 1855. Daga cikinta aka fahimci cewa in ana son kabon ya ninka zurfin shigarsa sau biyu, sai an ninka lokaci sau huɗu. Shi ya sa gaggawa ba ta yi wa maƙeri rana.

Sanyaya ƙarfe ma haka yake. Idan ƙarfe mai kabon ya haura digiri 727, tsarin cikinsa yakan sauya zuwa abin da masana ke kira ostenit. In aka bar shi ya huce da kansa, kabon na samun sukunin tafiya, ya jeru falle-falle, ƙarfen ya yi laushin da za a iya goge shi da magagari. In kuwa aka tsoma shi cikin ruwa yana ja wur, kabon ba ya samun damar motsi, sai a sami martensit, mai tsananin tauri amma mai saurin karyewa. Don haka maƙeri ke mayar da bakin gatari kusa da wuta kaɗan, yana lura da sauyin launinsa, har taurin ya daidaita.

Masana sun daɗe kafin su mayar da wannan lissafi. A 1930 Davenport da Bain suka zana taswirar da ke haɗa zafi da lokaci da sauyin ƙarfe. Kolmogorov a 1937, Johnson da Mehl a 1939, da Avrami tsakanin 1939 da 1941, suka samar da lissafin saurin wannan sauyi. A yau kwamfuta ke yin sa a masana'antu kafin a hura wuta.

Maƙerin Gobir bai san sunan Fick ba, amma ido da kunne sun koya masa auna zafi da lokaci. Aikin tama ya riga ya tafi, dattawan da suka gan shi kuma suna ƙarewa. Ya kamata malaman kimiyya na Agye da Gazawa da Gidan Rumji su riƙa kai ɗalibansu maƙera, ƙungiyoyin al'adu kuma su zauna da sarakunan maƙera su rubuta kalmomin sana'ar da matakanta. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.