Fargabar 'yan uwan majinyaci lokacin tiyata

Fargabar 'yan uwan majinyaci ita ce tsoro da rashin natsuwa da ke kama iyaye, miji, mata ko dangi yayin da za a yi wa wani nasu tiyata. Hausawa sun fi cewa "za a yi masa aiki". Kalmar "jinya" kuma ta haɗa mara lafiya da mai kula da shi, shi ya sa ake kiran dukkansu masu jinya. Alamomin fargabar sun haɗa da rashin barci, bugun zuciya, ƙin cin abinci da saurin fushi.

Dalilai

Babban abin tsoro shi ne allurar sa barci, domin mutane da yawa na zullumin kada majinyaci ya kasa farfaɗowa. Sai kuɗin aiki, da neman wanda zai ba da jini, da sa hannu a takardar amincewa, wadda wasu ke ɗauka kamar sallama rai ce. Takardar shaida ce kawai cewa an yi bayanin aikin da haɗarinsa, kuma an yarda.

A Anka, Gummi da Bukkuyum

A yammacin Zamfara akwai ƙarin nauyi. Aikin da ya fi ƙarfin babban asibitin gari akan tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Hanyoyin kuwa suna fama da 'yan bindiga, don haka tafiyar dare da mai naƙudar da ta gagara wata fargabar ce daban.

Haka iyayen yaran da cutar noma ta ci wa fuska suke zuwa Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014. Gyaran fuska yakan buƙaci tiyata fiye da ɗaya, uwa ko kaka takan yi makonni a asibiti, ta bar gona da sauran yara a gida. Akwai masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin, ga yaran da masu jinyarsu.

Hanyoyin ragewa

Abin da ya fi taimakawa shi ne bayani da Hausa kafin aiki: awa nawa zai ɗauka, yaya majinyaci zai kasance idan ya farka. Yana da kyau ma'aikacin jinya ya riƙa leƙowa yana sanar da masu jira a ƙofar ɗakin tiyata, musamman idan aikin ya wuce lokacin da aka faɗa. Addu'a da zuwan 'yan dubiya ma suna kwantar da hankali. Idan rashin barci da tsoron suka ci gaba makonni bayan an sallami majinyaci, ya kamata mai jinyar ya ga likita.