Tsara Ziyarar Gidan Adana Kayan Fasaha: Nazari a Kan Gidan Louvre na Birnin Paris

Gabatarwa

Kusan kowane babban birni a duniya yana da gidan da aka keɓe domin adana ayyukan fasihai, kuma baƙon da ya sauka akan ba shi shawarar ya leƙa kafin ya koma gida. Sai dai da yawa daga cikin masu zuwa sukan fito da ciwon ƙafa da waya cike da hotuna, in aka tambaye su abin da suka gani sai su rasa ta cewa. A wannan nazari za mu nuna cewa natsuwa ita ce guzurin da ya fi saurin ƙarewa a hannun mai ziyara, kuma duk wani shiri na gari tattalinta yake yi. Mun ɗauki gidan Louvre na birnin Paris a ƙasar Faransa a matsayin misali, domin girmansa da cunkosonsa sun sa matsalolin da ake samu a ƙananan gidaje sun fito fili a cikinsa.

Ma'anar Muhimman Kalmomi

Idan muka ce kayan fasaha, muna nufin duk abin da ɗan Adam ya zana, ko ya sassaƙa, ko ya ƙera, ko ya saƙa da gwaninta, har kyan aikin ya isa a tsaya a kalla, ko da tun farko an yi shi ne domin amfanin yau da kullum. Gidan adana kayan fasaha kuwa cibiya ce mai ayyuka huɗu: tattara irin waɗannan kaya, da kare su daga lalacewa, da yin bincike a kansu, da nuna su ga jama'a. Ya bambanta da shagon masu zane, domin ba a sayar da komai daga abin da aka ajiye. Ya kuma ɗan bambanta da gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, inda ake nuna abu musamman domin ya zama shaida a kan yadda mutanen da suka rayu, ko da yake gidaje da yawa sun haɗa ayyukan biyu. Kayan da ke cikin gida iri biyu ne. Akwai taskar dindindin, wato kayan da gidan ya mallaka, waɗanda za a iya tarar da su shekara da shekaru. Akwai kuma baje kolin wucin gadi, inda ake aro kaya daga wurare daban-daban a kan jigo guda, a nuna su na 'yan watanni sannan a mayar wa masu su. Shi kuma tsari, a wurinmu, shi ne yanke shawara tun daga gida a kan abin da za a kalla, da lokacin da za a ba shi, da abin da za a haƙura da shi.

Gidan da Girmansa

Asalin Louvre ganuwa ce da Sarki Philippe Auguste ya fara ginawa wajajen shekarar 1190 domin tsaron Paris, daga baya ta zama fadar sarakunan Faransa. An buɗe ta ga jama'a a matsayin gidan adana kayan fasaha a ranar 10 ga Agusta, 1793, a tsakiyar juyin juya halin ƙasar. Dalar gilashin da ke tsakar gidan, wadda ita ce babbar ƙofar shiga, aikin masanin zanen gine-gine I. M. Pei ce, an kammala ta a 1989. Daga ƙarƙashinta hanya ta rabu uku zuwa ɓangarorin da ake kira Denon da Sully da Richelieu. Kayan da aka baje sun kai kimanin 35,000, kuma a shekarar 2018 kaɗai mutum sama da miliyan 10 ne suka shiga. Lissafi mai sauƙi zai nuna mana inda matsalar take: wanda ya ba kowane abu rabin minti zai buƙaci awa kusan 292, wato fiye da wata guda yana zuwa tun buɗewa har tashi, ba tare da ya zauna ko ya ci abinci ba. Saboda haka ganin komai ba ya cikin abin da zai yiwu, kuma wanda bai zaɓa da kansa ba, gajiya da turereniyar jama'a ne za su zaɓar masa.

Ire-iren Masu Ziyara

Za mu iya kasa masu ziyara gida uku gwargwadon niyyarsu, domin niyyar ce ke haifar da tsarin. Na farko shi ne mai neman fitattun kaya, wanda ya ji labarin zanen Mona Lisa ko mutum-mutumin Venus de Milo, yana so gani ya kori ji. Bukatarsa halal ce, abin da ya dace da shi shi ne ya sammako, ya nufi abin da ya kawo shi kafin ɗakuna su cika. Na biyu shi ne mai bin jigo, kamar ɗalibin da ya zo domin kayan Masar ta dā, ko maƙerin da yake son ganin aikin tagulla. Wannan ya kamata ya tsaya a sashe guda, ya yi ɗan karatu a kansa kafin ya zo. Na uku shi ne jagoran iyali ko na ɗalibai, wanda ba ƙarfinsa ne ma'auni ba, ƙarfin ƙaramin cikinsu ne ko dattijon cikinsu. Gare shi wurin zama da bayan gida da lif suna da muhimmanci daidai da kayan da za a kalla. Yawancin ɓacin ran da ake samu yana faruwa ne idan mutane masu niyya daban-daban suka shiga tare ba su daidaita ba tun a waje.

Shirin da Ake Yi Kafin Fita

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa abin da ake nema yana cikin gidan da aka nufa. Zane-zanen Turai da ke Louvre sun tsaya ne a wajajen 1848. Wanda yake son ayyukan Monet ko Van Gogh sai ya haye kogin Seine zuwa gidan Orsay, wanda ya ɗora daga 1848 zuwa 1914. Mataki na biyu shi ne rana: Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, haka ma ranakun 1 ga Janairu da 1 ga Mayu da 25 ga Disamba, kuma akwai ɗakunan da ake rufewa bi da bi, waɗanda gidan yake wallafa jadawalinsu a shafinsa na intanet. Na uku shi ne tikiti, wanda ake yanka ta intanet tare da zaɓen sa'ar shiga. Wannan ya zama dole a aikace tun da hukumar gidan ta taƙaita masu shiga zuwa kimanin 30,000 a rana. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 suna shiga kyauta. Na huɗu shi ne kaya: ba a shiga da babbar jaka ko akwati, ana binciken kowa a ƙofa, kuma takalmi mai daɗin tafiya ya fi kowane ado amfani.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi maziyarci Musulmi kai tsaye. Na ɗaya lokacin salla ne. Wanda ya fita daga ɗakunan ba ya komawa da tikitinsa, kuma a lokacin hunturu yinin Paris gajere ne, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna. Shiga da ƙarfe tara na safe a fito da azahar ya warware wannan. Na biyu shi ne cewa sassan Girka da Rum da zanen Turai suna da siffofin mutane tsirara masu yawa. Wanda zai je da iyali yana da kyau ya san haka tun da wuri, ya dubi taswirar gidan, ya zaɓi hanyar da ransa ya kwanta da ita.

Gajiyar Kallo da Yadda Ake Rage Ta

Gajiyar kallo ita ce raguwar ƙarfin jiki da na hankali da ke samun mutum yayin da yake bin ɗakuna, har ya kai yana wuce abubuwa idonsa na kansu amma ba ya ganinsu. Wanda ya fara bayyana ta a rubuce shi ne Benjamin Ives Gilman na gidan adana kayan fasaha na Boston a Amurka, a shekarar 1916, inda ya nuna da hotuna irin sunkuyo da durƙuso da miƙe wuyan da ake tilasta wa mai kallo. Wani bincike da aka yi a gidan Metropolitan na New York, aka wallafa a 2001, ya gano cewa matsakaicin lokacin da mutane ke tsayawa gaban fitaccen zane bai kai rabin minti ba. Sanadin gajiyar uku ne: tsayuwa da tafiyar hawainiya a kan daɓe mai tauri, da ƙosawar ido idan abubuwa masu kama da juna suka yi ta maimaituwa, da hayaniyar jama'a. Maganin kuwa yana cikin tsarin. Muna ganin awa biyu zuwa uku sun isa ziyara guda, da hutu a tsakiya, da abubuwan da ba su wuce goma ba waɗanda aka rubuta tun daga gida, kamar yadda mai cefane yake shiga babbar kasuwa da jerin abin da zai saya. Abin da ya fi muhimmanci a fara da shi, tun ido bai ƙoshi ba. A Louvre ana iya yin haka cikin ɓangaren Denon kaɗai, domin can ne sashen fasahar Musulunci yake, da mutum-mutumin Nasara mai fukafukai na tsibirin Samothrace, da ɗakin Mona Lisa.

Tsayuwa Gaban Abu Guda

Amfanin duk wannan shiri yana bayyana ne a lokacin da aka tsaya gaban abu guda. A sashen fasahar Musulunci, wanda aka buɗe sabon mazauninsa a 2012, akwai wani ɗan batta na hauren giwa da tsawonsa bai kai taƙi ba, wanda aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968 domin al-Mugira, ɗan Halifa Abdurrahman na Uku. Mai gaggawa zai ga fari-farin gwangwani ya wuce. Wanda ya ba shi minti goma, yana zagaya gilashin a hankali, zai ga fuskoki huɗu: zakuna sun danne bijimai, mai kaɗa garaya tsaye tsakanin mutum biyu da ke zaune, samari suna ɗibar ƙwai daga sheƙar shaho, da mahaya biyu suna tsinkar dabino. Babu wurin da wuƙar mai sassaƙa ta bari fili, ganye da tsuntsaye sun cike kowane lungu. A gindin murfin akwai rubutun Kufi mai ɗauke da addu'ar albarka da sunan mai battan da shekarar Hijira ta 357, kuma wanda ya yi karatun allo zai iya lalubo haruffan da kansa. Tambayoyin da ke taimakon mai kallo a nan huɗu ne: da me aka yi shi, wa ya yi shi kuma domin wa, me aka nuna, kuma ina ido ya fara sauka.

Ɗakin Mona Lisa yana koyar da darasi na daban. Zanen, wanda aikin Leonardo da Vinci ne, ƙarami ne, santimita 77 a tsaye da 53 a kwance, a kan allon katako, cikin gilashi mai kauri, kuma mai kallo ba ya samun fiye da ɗan lokaci kafin na baya su matso. A bangon da ke fuskantarsa akwai zane mafi girma a gidan, Bikin Aure a Kana na Veronese, wanda aka gama a 1563, faɗinsa kusan mita 10, da mutane sama da 100 a ciki, kowa da tufarsa da abin da yake yi. Yawancin jama'a sun ba shi baya. Wanda ya san da shi tun daga gida zai juya ya same shi ba tare da layi ba.

Karanta Allon Bayani

Allon bayani shi ne ɗan rubutun da ake liƙawa kusa da kowane abu, mai nuna sunan mai aikin da zamani da abin da aka yi amfani da shi da hanyar da abin ya shigo gidan. Wannan layi na ƙarshe ya cancanci kulawa. Zanen Veronese da muka ambata sojojin Napoleon ne suka ɗauko shi daga wani gidan ibada a Venice a 1797. Dutsen dokokin Hammurabi na Babila, da ke ɓangaren Richelieu, masu tonon tarihi na Faransa ne suka haƙo shi a Susa ta ƙasar Iran a farkon ƙarni na 20. Lamarin ya taɓa mu ma: a shekarar 2000, da aka buɗe wani zaure na fasahar Afirka da sauran nahiyoyi a Louvre, an nuna gumakan yumɓu na al'adar Nok, wadda ta samo sunanta daga wani ƙauye a kudancin Jihar Kaduna. Hakan ya jawo taƙaddama a kan yadda suka bar ƙasar, har daga baya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, suka zauna a matsayin aro. Mai ziyarar da ya saba karanta wannan layi yana ganin kyan aikin, yana kuma sanin tafiyar da ta kawo shi gabansa.

Kammalawa

Mun ga cewa girman gida irin Louvre ya wajabta zaɓe, cewa zaɓen yana bin niyyar mai ziyara, kuma rana da tikiti da hanya da hutu duk an tsara su ne domin a isa gaban 'yan abubuwa kaɗan da sauran natsuwa. Waɗannan ƙa'idoji suna aiki a Alƙahira da Doha da Landan kamar yadda suke aiki a gidan tarihi na Jos. Fasihan da suka yi waɗannan ayyuka sun shafe watanni, wasu shekaru, a kan abu guda, kuma masu adanawa sun riƙe shi ƙarni bayan ƙarni. Haƙƙinsu a kanmu shi ne mu zo da shiri, mu rage yawan abin da muke son gani, mu tsawaita tsayuwa a gaban wanda muka zaɓa.