Wankin gilashin taga da fanon sola: kayan aiki da yadda ake yi

Duk wanda ya zagaya ƙauyukan Sarkin Yamma da sauran gundumar Madarunfa a 'yan shekarun nan ya ga yadda gini ya sake. Inda a da sai tagar katako ko ta kwano, yanzu ga tagar alminiyom mai gilashi, ga fanon sola a kan rufi. Da yawa cikin gidajen nan guminku ne, ku 'yan'uwa da ke Legas, Abijan, Libiya da Aljeriya. To amma mun sha ganin gilashin da bai kai shekara biyu ba ya riga ya dushe, duk ya yi zane. Galibi ba laifin gilashin ba ne, hannun mai gogewa ne.

Ƙurar hunturu, wadda ke sauko mana daga Nuwamba har zuwa Maris, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, kuma tana haɗuwa da rairayin namu na nan. A ma'aunin tauri da masana ke aiki da shi, rairayi na kan mataki na 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6. Wato rairayi ya fi gilashi tauri. Ka ɗauki busasshen tsumma ka dirza a kan ƙura, kankare gilashin kake yi, kuma zanen ba ya fita har abada. Don haka ruwa ne farko, sannan hannu.

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, soso mai laushi, tsumman auduga mai tsabta, ƙaramin buroshi na share kwarin da taga ke gudu a ciki, sai tsani. Babban makamin masu sana'ar shi ne magogin roba, wato ƙarfe ko leda mai bakin roba, irin wanda yara ke wanke gilashin mota da shi a tashoshin mai na Maraɗi. Wani ɗan Italiya mazaunin Amurka, Ettore Steccone, shi ya fito da samfurin da ake amfani da shi yau, a 1936. Ana jan sa daga sama zuwa ƙasa, a share bakinsa da tsumma bayan kowane ja. Da zarar robar ta tsage, a canza ta, in ba haka ba layi-layi za ta bari.

Sabulu ɗan kaɗan ya isa. Mutanenmu na son kumfa, amma kumfa mai yawa ita ke barin dabbare-dabbare. Sosan ƙarfe, toka da yashi kuwa, na tukunya ne, kada su kusanci taga.

Sai maganar ruwa. Ruwan wasu rijiyoyi da fanfunan burtsatse na da gishirin ƙasa, in ya bushe sai ya bar farin tabo. Ruwan kal, wanda wasu ke ce wa binegar, yana narkar da shi in an gauraya da ruwa. Amma a kiyaye, kada a taɓa haɗa shi da odijabel, domin hayaƙin da ke tashi guba ne. A Turai masu sana'ar tace ruwa suke yi har gishirin ya fita, su tura shi ta doguwar sanda mai buroshi, ba su ma hawa tsani. Mu nan, ruwan sama da aka tara ya kwanta shi ya fi kusa da wannan.

A yi aikin da sassafe ko da la'asar sakaliya. Cikin rana ruwa na bushewa kafin a ja shi, kuma zuba ruwan sanyi a kan fanon da ya ɗau zafi na iya tsaga shi. Ba a taka fano da ƙafa. Wanda batirinsa ya daina cika a hunturu, ya fara duba ƙurar da ke kan fano kafin ya zargi batir.

Tsani kuma, in tsayinsa a jikin bango ya kai mita huɗu, gindinsa ya nisanci bango da mita ɗaya, wani ya riƙe. A ɗaga kai a duba wayar lantarki kafin a jingina shi, balle na ƙarfe.

Ga matashin da ke son ya mai da wannan sana'a, rabin aikin mu'amala ce. Ka yi sallama, ka jira izini, musamman gidan da matan aure suke. Kafin ka jiƙa komai, ku zagaya da maigida ko wakilinsa, ka nuna masa duk gilashin da ya riga ya tsage, don kada gobe a ce kai ne. Ku yanka farashi tun farko: kowace taga ne ko gidan duka, ciki da waje ne ko waje kaɗai, da ragar sauro ko babu, kuma ruwa na wa ne. Gilashi mai ledar duhu a jiki ba a kai masa reza.

Ku kuma da ke waje kuka bar gida a kulle, ku sa a riƙa wankewa ko sau ɗaya a wata lokacin hunturu, a kuma share kwarin tagogi kafin ruwan farko, don laka na toshe ƙananan hujojin da ruwa ke fita, ya koma cikin ɗaki. Mai aiki ya turo muku hoto ta WhatsApp kafin ya fara da bayan ya gama, makulli kuma ya koma hannun wanda kuka wakilta a ranar.