Yadda Talaka Ya Samu Ikon Buɗe Fayil ɗin Gwamnati

A shekarar 2001 wani kwamitin ƙwararru da Gwamnatin Tarayya ta naɗa, ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya kammala bincike kan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano. An yi gwajin ne a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, a Asibitin Zana. Yara wajen 200 aka saka a ciki, 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Kwamitin kuwa ya ce ba a bi ƙa'ida ba. Daga nan rahoton ya shige durowa. Sai a watan Mayun 2006 jaridar Washington Post ta Amurka ta samu kwafinsa ta bayyana wa duniya. Wato iyayen da aka yi gwajin a jikin 'ya'yansu sai da suka jira shekara biyar, sannan labarin ya zo musu daga ƙetare.

A lokacin babu dokar da za ta tilasta wa wani jami'i ya fito da wannan rahoto. Dokar da ke ƙasa ma akasin haka take cewa. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda aka gina a kan abin da Turawan mulkin mallaka suka bari, ta mai da fitar da takardar sirri laifi, ga kuma rantsuwar riƙe sirri da ma'aikaci ke yi in ya kama aiki. Shi ya sa akawu ya gwammace ya ce maka "mai gida ba ya nan" sau goma da ya nuna maka shafi ɗaya. Mulkin soja ya ƙara gishiri. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaiɗai.

A Legas aka fara yunƙurin juya lamarin, a 1993, inda ƙungiyar Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa suka haɗa kai suka tsara daftarin doka. Shekarar ce Abacha ya hau, don haka daftarin ya kwanta har zuwa dawowar farar hula a 1999. Cikin 'yan majalisar da suka shigar da shi Majalisar Wakilai akwai Nduka Irabor ɗin nan da ya sha ɗauri. Wakilai suka amince a 2004, Dattawa a 2006, amma Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba, yana kawo hujjar tsaron ƙasa. Aka koma farko. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa a fili, abin da ba a saba gani ba, duk da haka ƙudirin bai fito daga majalisa ba har ya rasu a 2010. Goodluck Jonathan ne ya rattaba wa Dokar 'Yancin Samun Bayanai hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, bayan shekara 18 ana fafutuka. Suwidin ta yi tata tun 1766, Amurka a 1966, maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta riga mu da 'yan watanni a wannan shekara ta 2011.

To, me ya haɗa wannan da mutumin Batsari ko Safana? A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, daga Ruma har Runka, ba a rasa gidan da ke da yaron da ya kai shekara huɗu bai fara magana ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an tada injin niƙa sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi ɗaya, wanda ya taɓa masa guda ya shiga uku. Kaka ta ce iska ce, maƙwabta su ce ɗan ruwa ne, a yi rubutu, a yi hayaƙi. Likitoci na kiran irin wannan lalura otizim, a rediyo kuma ana cewa galahanga. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya siffanta ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. Ba ta da allura ko ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da bincike ya nuna yana taimakawa shi ne horo da wuri: koyar da magana, koyar da mu'amala, da koya wa iyaye yadda za su tafi da yaron. Saboda haka tambayoyin uba na kuɗi ne da ma'aikata. Wa ya ƙirga irin waɗannan yara a ƙaramar hukumarmu? Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, tana ware wani kaso don ilimin masu buƙata ta musamman, nawa ya iso jiha, ina aka kashe shi? In wata ƙungiya ta zo sansanin 'yan gudun hijira tana gwada wata dabara a kan yara, wane kwamitin ɗa'ar bincike ne ya ba ta izini?

Duk waɗannan amsoshi, in akwai su, a fayil suke, kuma dokar 2011 ta ba kowa ikon nema. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai nakasa, wani na iya nema a madadinsa, in ma da baki ya faɗa wajibi ne jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. Hana bayani ba bisa haƙƙi ba tarar Naira 500,000 ce, lalata takarda ko sauya ta da gangan kuma ɗaurin aƙalla shekara guda. Waɗanda suka saba da harkar kwafi biyu suke kaiwa, su tsaya a ofishin rajista sai an buga wa nasu hatimi da kwanan wata, domin daga wannan ranar ake fara ƙirga.

Dokar tana da shinge, wani na da hujja, wani kuwa ina da ja a kansa. Ba za a ba ka fayil ɗin asibiti na ɗan wani ba, haka abin da ke tsakanin majinyaci da ma'aikacin lafiya, kuma daidai ne. Amma sashe na 17 ya yarda hukuma ta hana kayan bincike da malaman jami'a suka shirya. Mafi yawan nazarin lafiyar yara a Arewa a jami'o'i da asibitocin koyarwa ake yin sa, na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, don haka wannan ƙofa ce mai faɗi ga mai son zillewa. Sauƙinta ɗaya, dokar ta ce rahoton nazarin da aka yi wa ma'aikata da kuɗin da aka kashe suna cikin abin da ya kamata ta wallafa ko ba a tambaya ba.

Babban cikas ga mutumin Katsina a da shi ne jihohi da dama sun ce dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. Makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi kuwa duk a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saɓa wa kanta: reshen Akure ya ce dokar ta shafi jihohi, na Binin ya ce a'a. Shari'ar Binin ɗin ma kan lafiya ce, wasu 'yan fafutuka ƙarƙashin Austin Osakue suka nemi takardun shirin yaƙi da ƙanjamau daga hukumar jihar Edo tun 2014. Ranar 11 ga Afrilu, 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama, ta ce dokar ta hau kan kowane matakin gwamnati. Daga ranar sakatariyar Safana da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Katsina, SUBEB, ba su da wannan mafaka.

Doka dai abin da aka rubuta kawai take iya fitarwa. A yankin da 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantu da ɗakunan shan magani na tsawon lokaci, mai tambaya na iya samun amsar cewa ba a taɓa ƙirga yaran ba. Ni ina ganin wannan amsa ma, in ta zo a rubuce da sa hannun jami'i, abin riƙewa ce, domin da ita ake tunkarar ɗan majalisa lokacin kasafi, a haɗa da dokar kare haƙƙin masu nakasa da Buhari, a zuwansa na farar hula, ya sa wa hannu a Janairun 2019. In kuma aka yi gum har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, mai nema yana da kwana 30 ya shigar da ƙara. Nan ne manomin Batsari zai buƙaci lauya da kuɗin motar Katsina, ko wata ƙungiya da za ta tsaya masa.