Asalin Kalma: Hoto

Kalmar hoto baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Turancin Ingilishi ta shigo, inda ake cewa foto, su ma Turawan sun gutsuro ta ne daga fotogiraf, kalmar da aka haɗa da saiwoyin Girkanci biyu, haske da zane. Kalmar fotogiraf ta bazu a Ingila a 1839, shekarar da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto.

A bakin Bahaushe sautin f da h 'yan uwa ne idan o ko u ya biyo baya. Wani ya ce fura, wani ya ce hura. Ta nan foto ta koma hoto, har ta sami jam'i irin namu, hotuna.

Ma'anarta ta yi rassa. A asibiti ana yi wa mara lafiya hoton ƙirji. Abin da ba shi da amfani sai kyan gani, a ce hoto ne kawai.

Wadda ta fi burge ni ita ce wanke hoto. A da, mai hoto yakan tsoma fim cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu, wanki na gaske. Yau na'ura ce ke bugawa daga waya, babu fim ɗin da za a tsoma a ruwa, amma har gobe cewa muke yi a wanko mana. Kuma wankin yana da amfani, domin waya kan ɓace ko ta lalace da hotunan suna da na biki a cikinta. Mai karatu, zaɓi na iyayenka ka kai a wanke, sauran ka kwafe su a kwamfuta.