Yini Guda a Lungunan Maiduguri: Nazari Kan Tafiya Daga Moduganari Zuwa Tsohuwar Yerwa

Gabatarwa

Baƙon da ya sauka a Maiduguri, wurare uku aka fi kai shi: Fadar Shehun Borno, Kasuwar Monday, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Dukkansu sun cancanci ziyara, sai dai tarihin birnin ya fi yawa a cikin unguwanni da hannun masu sana'a. Wannan nazari ya duba yadda mazaunin unguwar Moduganari, ko baƙonsa, zai tsara yini guda cikin natsuwa don ganin wannan ɓangare. Abubuwa uku ne ke juya irin wannan tsari: fasalin gari, zafin rana, da ladabin shiga jama'a.

Fasalin gari

A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a Yerwa, tushen Maiduguri ta yau, kusa da kogin Ngadda. An shata sabon garin bisa tsarin biranen Kanuri: fada a gabas tana fuskantar yamma, ga faffaɗan Dandal shimfiɗe a gabanta, unguwanni kuma suna kewaye. Mazauna sun zauna rukuni-rukuni gwargwadon asali da matsayi. Shehuri ta 'yan sarauta ce da bayin fada, Limanti ta limamai, Hausari ta Hausawa fatake da malamai, Fezzan kuwa ta 'yan kasuwar da suka ƙetaro hamada daga kudancin Libiya. Wanda ya taka waɗannan unguwanni da ƙafa zai gane cewa kasuwanci da karatun allo ne suka tara mutanen birnin, tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1964 ko a kafa jami'a a 1975.

Tunda an hana hawa babur a birnin tun 2011, hanya mafi sauƙi ita ce a hau keke napep daga Moduganari zuwa Dandal, sauran kuma a yi a ƙafa. Unguwa biyu sun isa yini guda. Mai son ganin biyar zai ƙare a kan titi, bai zauna da kowa ba.

Zafin rana

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa. Ko a lokacin, rana ce ke raba yinin. Da hantsi a nufi kasuwar kifi ta hanyar Baga, inda bandar kifin yankin Tafkin Chadi ke sauka kafin a yi lodinta zuwa kudancin Najeriya. Kafin azahar a nemi masu ɗinkin hula zanna a inuwar darbejiya. Hula mai kyau kan ci makonni a hannun mai ɗinki, kuma zarenta da zanenta ne ke yanke farashi. Tsakanin azahar da la'asar lokacin hutu ne da cin burabusko ko sinasir. Da yamma sai masu haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da matan Borno suka yi suna da ita har Kano da Abuja.

Ladabin shiga jama'a

Unguwa gidan mutane ce. Doguwar gaisuwa ita ce mabuɗi, kuma tafiya da ɗan unguwa ta fi tafiya kai kaɗai. Ba a ɗaukar hoton mutum ko tsangaya sai da izini, ba a kuma ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro. Jama'ar nan sun sha wuyar rikicin Boko Haram tun 2009, ga ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 da ta mamaye unguwanni irin su Gwange da Gamboru. Tambayar da ta dace ita ce ta sana'a da tarihi. Labarin asara, mai shi ne ke da ikon buɗe shi.

Kammalawa

Irin wannan yawo yana kai kuɗin baƙo hannun mai hula da mai turare kai tsaye, yana kuma koya wa matasan sababbin unguwanni asalin garinsu. Ya kamata malaman tarihi na Jami'ar Maiduguri su haɗa kai da masu unguwanni a rubuta bayanan dattawan Hausari, Fezzan da Shehuri tun suna raye, domin a wurinsu ne ɗan rakiyar gobe zai samu abin da zai faɗa wa baƙo.